"Sistem Ne, Alhaji": Wa Ke da Alhaki Idan Na'ura Ta Zama Mai Gadi?

Duk wanda ya taɓa kwana a kasuwar Mile 12 da ke Legas ya san cinikin kayan gwari ba ya jiran hantsi. Tun kafin asalatu tireloli sun jeru, 'yan dako na sauke kwanduna da buhuna, matan da ke sari daga Ketu da Oshodi da Ikorodu sun yanyame dillalai, ana tayi ana albarka. A da kuɗi ake ƙirgawa da yawu a yatsa. Tun wahalar takardun naira ta farkon 2023 kuwa, ciniki da yawa ya koma cikin waya: a tura, a ji alat, a ɗauki kaya.

A irin wannan safiya ce asusun wani dattijo da muke majalisa ɗaya a Agege ya ƙi motsi. Dillalin albasa ne, ya haura shekara talatin a Ikko. Kuɗi na shiga, amma ko sisi ba ya fita. Direba na jiran cikon kuɗin mota, masu kaya a Aliero sun hana wayarsa sakat. Ya bar rumfa a hannun yara ya nufi banki, ya bi layi, yarinyar da ke kan tebur ta duba kwamfuta ta ce masa cikin ladabi, "Sistem ne ya rufe, Alhaji." Ya ce to a kira masa wanda ya ba sistem ɗin umarni. Ta yi murmushi kawai. Manaja ya fito, shi ma kanwar ja ce: daga hedikwata ne, za a tura saƙo, a ɗan saurara. Sai da aka kwana huɗu aka buɗe. Ba a gaya masa laifinsa ba, kuma har yau bai san sunan mutum ɗaya da zai ce shi ya rufe ko shi ya buɗe ba.

Da yake ba mu labarin, 'yan majalisa dariya suka yi wa tambayar tasa. Ni kam ina ganin duk tarukan da ake yi a manyan otal na Victoria Island kan tsaron intanet da ƙirƙirarriyar basira, tambayar nan tasa suke kewayawa.

A fara da dalilin rufewar. Ɓarawon da ya yashe asusun wani ba ya tura kuɗin kai tsaye zuwa nasa. Yana da asusun aro, na mutanen da ya biya ko ya yaudara. Kuɗi su faɗa nan, cikin mintuna su tsallaka gaba, a daddatsa su, a cire a wurin masu POS. Tun da kamfanin NIBSS, wanda ke haɗa bankunan ƙasar nan, ya kawo tura kuɗi nan take a 2011, kuɗin sata ma nan take suke tafiya. Babu ma'aikacin da idonsa zai iya bin wannan gudu, shi ya sa aka ɗora aikin kan manhaja. Ana zuba mata tarihin hada-hada mai tarin yawa, a nuna mata waɗanda daga baya aka gano na sata ne, ta haddace kamanninsu. Daga nan duk taransifar da ta gifta sai ta ba ta maki. Maki ya haura wani layi da aka shata, ta danne.

To mene ne kamannin asusun aro? Kuɗi na shigowa daga mutane barkatai da ba su da alaƙa da juna, a lokacin da gari ke barci, sannan a kwashe su tas a tura wani gari mai nisa kafin azahar. Wanda ya san Mile 12 ya riga ya gane cewa asusun dillalin albasa aka siffanta. Ƙara da cewa sunansa Muhammad a BVN, Mohammed a NIN, Mamman a bakin 'yan kasuwa. Ranar haihuwarsa 1 ga Janairu, kamar sauran tsaransa da aka yi wa ƙiyasin shekaru. Yaransa uku na shiga asusun, kowa da wayarsa. Adireshinsa rumfa ce. A idon manhajar da ta koyi rayuwa daga asusun ma'aikacin da ke karɓar albashi sau ɗaya a wata, wannan bawan Allah abin tuhuma ne tun daga sama har ƙasa.

Inda maganar shugabanci ta shigo shi ne layin nan da aka shata. Na'ura ba ta shata wa kanta layi. Mutane ne ke zama a ɗakin taro su yanke inda zai tsaya. In aka sassauta, ɓarayi da yawa za su wuce. In aka matsa, masu gaskiya da yawa za su maƙale. Babu inda za a ajiye shi a ce an tsira daga duka biyun. A ƙaddara, don misali kawai, banki na ganin taransifa miliyan ɗaya a yini, manhajarsa kuma na kuskuren kama mai gaskiya sau ɗaya cikin dubu. A takarda wannan ƙwarewa ce da za a tafa wa. A ƙasa kuwa mutum dubu ne kullum ke tsaye gaban tebur ana ce musu sistem ne.

Kuma kuskuren biyu ba aljihu ɗaya suke taɓawa ba. In ɓarawo ya wuce, banki ke shan asara, ko ya sha tambayoyi daga Babban Banki, ko sunansa ya fito a jarida. In aka kama mai gaskiya, shi kaɗai ke biya: albasarsa ta tsiro a buhu, mutuncinsa ya zube wurin masu kaya, ya kashe kuɗin mota yana safa da marwa. Asarar farko tana bayyana a rahoton wata-wata da ake kai wa shugabanni. Ta biyun ba ta da gurbi a rahoton. Duk shugaban da ya bar abin ya tafi yadda ya ga dama, to layin zai ci gaba da matsawa ɓangaren da ba shi ke biya ba, ba don mugunta ba, don dai ba a nuna masa ɗaya ɓangaren. Da za a ba ni damar yi wa shugaban tsaron wani banki tambaya ɗaya, ba zan tambaye shi ɓarayi nawa ya kama ba. Zan ce ya gaya min masu gaskiya nawa ya rufe a watan jiya, kuma kwana nawa kowannensu ya yi kafin ɗan Adam ya duba maganarsa. In bai da amsa, na san inda ya ajiye amanar.

Kada a ɗauka ina cewa a kashe na'urorin. Masu gadin na fama da gaske. A Disamban 2024 hukumar EFCC ta kai samame wani dogon bene a titin Oyin Jolayemi da ke Victoria Island, ta kama mutum 792, ciki har da 'yan China 148, bisa zargin damfarar soyayya da ta kuɗin kirifto. Ba yaro ɗaya da laftof a ɗakin haya ake magana ba, ofis ne sosai mai tebura da horar da ma'aikata. Tun fitowar ChatGPT, manhajar da ke rubutu kamar mutum, a ƙarshen Nuwamban 2022 kuma, tsohuwar alamar da ake gane saƙon damfara da ita, wato gurguwar Turanci, ta kau. Yanzu wasiƙar ɓarawo ta fi ta banki tsafta. A farkon 2024 wani ma'aikacin kamfanin Arup na Ingila da ke reshen Hong Kong ya shiga taron bidiyo, ya ga fuskar shugaban kuɗi na kamfanin da ta wasu abokan aikinsa, ya ji muryoyinsu, ya tura kimanin dala miliyan 25. Duk mutanen da ya gani na bogi ne, na'ura ta ƙera su.

Wannan labari ya fi tsorata ni idan na tuna yadda muke kasuwanci. Mu mutanen murya ne. Ɗan canji a Broad Street ko Allen zai saki kuɗi masu nauyi don kawai maigidansa ya turo saƙon murya a WhatsApp ya ce a ba wane kaza. Ba sa hannu, ba takarda, murya ce shaida, kuma ta daɗe tana isarwa. Yau ɗan guntun sautin mutum ya isa a kwaikwayi muryarsa. Saboda haka gadi da na'ura ya zama dole, ba mai musu. Abin da nake ja a kai shi ne a mayar da na'urar labulen da babba zai ɓuya a bayansa.

Kakanninmu da suka kafa zango a Agege saboda goro da jirgin ƙasa sun san wannan matsala, sun kuma yi mata magani irin nasu. Baƙo ya taso da shanu daga Arewa bai san kowa ba, ya sauka gidan fatoma. Fatoma ya haɗa shi da mahauta, a sayar bashi. In mahauci ya ci kuɗin, fatoma ke biya daga aljihunsa, domin sunansa ne jarinsa, ranar da ya zille wa baƙo ɗaya labari zai riga shi isa Kano. Shi ma yana tantance mutane, yana da waɗanda ba ya ba bashi, yana kuskure wani lokaci. Bambancin shi ne kowa ya san ƙofar gidansa. Manhaja ta fi fatoma saurin lissafi nesa ba kusa ba, sai dai ba ta jin kunya, ba a kai ƙararta wurin Sarkin Hausawa, ba ta haɗuwa da kai a masallaci. Kunyar da babu a cikinta dole wani mai suna ya ɗauke ta, in ba haka ba ta faɗi ƙasa.

An ga abin da ke biyo baya idan shugabanni suka ƙi ɗauka. A Birtaniya, hukumar gidan waya ta sa wata manhajar lissafi mai suna Horizon, ta kamfanin Fujitsu, a ƙananan rassanta. Masu riƙe da rassan nan kusan kamar masu POS ɗinmu suke, wakilai ne da ke hada-hada da sunan babbar hukuma. Manhajar ta riƙa nuna giɓin kuɗi inda babu giɓi. Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da sama da mutum 900, wasu suka sha ɗauri, wasu suka sayar da gidajensu don cike kuɗin da ba su ci ba, wasu suka kashe kansu. Mutum ya rantse bai taɓa kuɗi ba, a ce masa kwamfuta ba ta ƙarya. Sai a 2019 kotu ta tabbatar manhajar na da kurakurai, a 2024 majalisa ta yi dokar wanke su. A Holan ma hukumar haraji ta yi amfani da tsarin tantancewa da ke ɗaukar mallakar takardar ƙasa biyu a matsayin alamar haɗari, aka zargi dubban iyaye da cin kuɗin tallafin reno bisa ƙarya, galibi baƙi da marasa ƙarfi. Gwamnatin Mark Rutte ta sauka a Janairun 2021 saboda wannan. A duka wurare biyun koke ya daɗe yana isa sama. Ba a rasa labari ba, an dai ga ya fi sauƙi a gaskata allo a ƙaryata talaka.

Dokarmu ta hango wannan. Dokar kare bayanan jama'a da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023 ta ba mutum haƙƙin kada a yanke masa hukunci mai nauyi da na'ura zalla, kuma ko a inda aka yarda a yi hakan, yana da damar neman ɗan Adam ya sake dubawa, ya faɗi ta bakinsa, ya ƙalubalanci hukuncin. Dattijon namu bai taɓa jin wannan ba. Wa zai gaya masa, da wane harshe? Saƙonnin gargaɗi da Turanci suke zuwa, lambar korafi in ka kira na'ura ce ke ɗauka ta ce ka danna ɗaya ka danna biyu. Mutum na da haƙƙi a takarda, amma an gina hanyar neman haƙƙin yadda sai mai boko da lokaci zai iya bin ta. Wannan ma zaɓi ne da wani ya yi a ofis.

Jarrabawa ta biyu ita ce ranar da ɓarawo ya yi nasara. A 2016 masu kutse suka kwashe bayanan mutum miliyan 57 daga Uber, kamfanin da ake kiran tasi ta manhajarsa. Shugaban tsaron kamfanin, Joe Sullivan, wanda tsohon mai gabatar da ƙara ne na gwamnatin Amurka, ya shirya aka biya su dala 100,000 aka sa su alƙawarin yin shiru. Sai bayan shekara guda, da aka yi sabon shugaba, maganar ta fito. A Oktoban 2022 kotu ta same shi da laifi. Wanda ke shugabantar kamfanin lokacin da aka biya kuɗin kuwa ba a gurfanar da shi ba, abin da ya sa masu wannan sana'a da yawa suka ce an bar jaki ana dukan taiki. Ko ma dai yaya ne, darasin ya shiga: ɓoyewa laifi ne na daban, wani lokaci ya fi kutsen kansa.

A nan gida, dokar 2023 ɗin ta ce a sanar da hukumar kare bayanan jama'a ta NDPC cikin awa 72 idan an yi kutsen da zai iya cutar da mutane, gyaran da aka yi wa dokar laifukan intanet ta 2015 a 2024 shi ma awa 72 ya ɗiba na kai rahoto. Amma kowa ya san salon sanarwarmu: "muna gyare-gyare don inganta aiki." Illar shirun a fili take. Wanda ya saci sunanka da lambarka da ranar haihuwarka zai kira ka gobe ya ce daga banki ne, ya jero maka su daidai, sannan ya nemi lambar da aka turo maka yanzu. Da an gaya maka an yi sata, da ka kashe wayar. Kwanakin da shugaba ya ɗauka yana tunanin mutuncin kamfani, kwanaki ne da ya ba ɓarawo kyauta a kan kwastomominsa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Akwai kuma kwaɗayin tara bayanai da sunan tsaro. Manhajojin bashi sun nuna mana ƙarshen wannan hanya: a ce sai ka ba da izinin ganin lambobin wayarka don tantancewa, ka makara da biya kwana biyu, surukarka ta sami saƙo cewa kai ɓarawo ne. Hukumar bunƙasa fasahar zamani ta NITDA ta ci kamfanin bashi na Soko tarar naira miliyan 10 a 2021 kan irin wannan, hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC kuma ta kai samame ofisoshin wasunsu a Ikeja a Maris ɗin 2022. Bayanin da ba ka tara ba, ba mai sace shi daga wurinka, amma ƙirƙirarriyar basira ciki gare ta, kullum injiniyoyi za su ce a ƙaro. Sai an sami mai cewa ya isa.

Shi kansa mai gadin ma yana iya rusa gidan. Ranar 19 ga Yulin 2024 kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ya tura sabuntawa mai kuskure, ta shiga kwamfutoci da kanta kamar yadda aka tsara, kimanin na'urorin Windows miliyan 8.5 suka durƙushe, jirage suka kasa tashi, asibitoci suka koma biro da takarda. Ba ɓarawo ko ɗaya a ciki. Yawancin kayan tsaron da ake amfani da su a Legas sayo su ake daga waje, kuma da wuya wanda ya saya ya iya bayyana dalla-dalla yadda suke yanke hukunci. Ana iya sayen manhaja, ana iya hayar kamfani, amma kwastoma da kai ya ƙulla, ba da su ba.

Batun wa zai biya kuɗin gadi ma ya taɓa tasowa fili. A Mayun 2024 Babban Banki ya umarci a fara cire kashi 0.5 cikin ɗari na kuɗin da aka tura a matsayin harajin tsaron intanet. Jama'a suka yi caa, ba a jima ba aka dakatar. Mutane ba gadin suka ƙi ba. Kura ce ta gaji da shan bugu gardi na karɓar kuɗi.

Can ƙasan duk wannan akwai yaran da ke zaune gaban allo dare da rana a Yaba da Ikeja da Lekki, wasunsu 'yan kwantiragi. Su ke fara ganin in manhaja ta fara kama mutanen da bai kamata ba. Tambayar ita ce, in ƙaramin ma'aikaci ya ce yallaɓai akwai matsala, me ke samunsa? A satar da aka yi wa Babban Bankin Bangladesh a Fabrairun 2016, ɓarayin kusan dala biliyan ɗaya suka nufa, suka tsira da miliyan 81. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka tare wani kaso shi ne kuskuren rubuta kalma ɗaya a sunan wanda za a tura wa, wani ma'aikaci a bankin da kuɗin za su bi ya tsaya ya yi tambaya. Wurin da ake hukunta mai tsayawa ya yi tambaya don ya jinkirta aiki, ba za a daɗe ba kowa zai koyi danna "wuce".

Mu ma da namu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yaro ya ba da BVN ɗinsa a buɗe asusu don 'yan dubban da za a ba shi, bai san ya zama asusun aro ba sai ranar da aka zo kama shi. Alhaji ya rubuta lambar sirri a bayan kati ya miƙa wa yaron shago. Kowane irin wannan na ƙara koya wa manhaja cewa masu irin sunayenmu da irin unguwanninmu abin sa ido ne. Shugabannin kasuwa da na ƙungiyoyi, waɗanda ke iya tara mutum ɗari a kira ɗaya, ban ga abin da zai hana su zama da bankunan da ke cin riba a kasuwar ba, su ce ga yadda cinikinmu yake, a yi masa rajista yadda yake, a ba mu mutum ɗaya mai suna da lamba wanda za a kira in an rufe.

Shi dai dattijon ya yi wa kansa dabara. Ya buɗe asusu biyu a wasu wuraren, yana raba kuɗin gida uku, yana turawa kaɗan-kaɗan maimakon dunƙule. Wani kason kuma ya koma ɗaurewa a leda yana ba direba ya bi da shi hanyar Ilori da Jebba zuwa gida, da duk abin da ke kan wannan hanya da dare. Ya gaya mana haka yana murna, wai yanzu sistem ba zai gan shi ba. Na buɗe baki zan ce masa daddatsa kuɗi a asusu da yawa na cikin manyan alamun da manhajar ke farauta, sai ladan ya kira magariba, ya ɗauki butarsa ya tashi.